Kujerar da Aka Hana Mari Kuri

A ƙarshen watan Oktoba na 1910 wani dattijon masani mai suna Désiré Gernez ya mutu a birnin Faris. Yau ba a cika tuna shi ba sai don abin da mutuwarsa ta haddasa. Mamba ne a Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, a sashen fiziks, kuma a wancan zamani kujerun majalisar ƙidayayyu ne. Sashen fiziks mutum shida yake ɗauka, ba ƙari, wanda kuma ya hau ba ya sauka sai mutuwa. Saboda haka duk ranar da aka binne wani mamba, tun kafin a share makoki an fara lissafin magaji. Wannan kujera kuwa tana da nata labarin. Piyer Kuri ne a kanta kafin Gernez, ya same ta a 1905, bai ko cika shekara ba keken doki mai ɗaukar kaya ya take shi a wani titin Faris ranar 19 ga Afrilu, 1906. Da kujerar ta sake zama babu kowa, abokan marigayin suka ce ai wadda ta fi cancanta da ita tana nan da ranta, ita ce matar da ya bari, Mari Kuri.

Majalisar tsohuwa ce. Waziri Colbert ne ya kafa ta a 1666, zamanin Sarki Luwi na 14, don a tara masu ilimin lissafi da taurari da sinadarai a inuwar fada, a riƙa biyansu, su kuma su riƙa yi wa sarauta aiki. Juyin juya hali ya rushe ta a 1793, shekara guda bayan haka aka fille kan fitaccen ɗanta, Lavoisier. A 1795 aka farfaɗo da ita cikin wata babbar cibiya mai suna Institut de France, wadda daga baya ta ƙunshi majalisu biyar: ta harshen Faransanci, ta tarihi da tsofaffin rubuce-rubuce, ta kimiyya, ta zane da kiɗa, da ta ilimin zaman jama'a da siyasa. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu ya zama ɗan cibiyar baki ɗaya, ya sami ikon sa rigar alfarma mai koren aiki, ya rataya takobi ranar biki. A cikin shekaru 244 da majalisar kimiyya ta yi kafin mutuwar Gernez, mace ba ta taɓa zama a kujerarta ba.

Kada a ɗauka riga da takobi kaɗai ake nema. A wancan zamani majalisar na zama kowace Litinin, kuma tun 1835 tana buga mujallar mako-mako mai suna Comptes rendus. Abin da aka karanta a zaman Litinin, cikin 'yan kwanaki ya fito a buge ya isa Landan da Balin. A fagen da masu bincike ke tseren wa zai riga wa, wannan saurin shi ne komai. Sai dai ba kowa ke iya miƙa takarda ba, sai ta hannun mamba. A Afrilun 1898, lokacin da Mari Kuri ta gano cewa wani dutse da ake haƙo yuraniyam daga cikinsa yana fitar da tururi marar ganuwa fiye da yadda yuraniyam ɗin cikinsa zai iya, ta kuma yi hasashen akwai wani sinadari a ɓoye, ba ita ta tsaya gaban majalisar ba. Tsohon malaminta Gabriel Lippmann ne ya gabatar a madadinta. Haka aka yi da sanarwar gano poloniyam a Yulin shekarar, da ta radiyam a Disamba, duk sai da aka ari bakin wani. Muddin Piyer na raye kuma mamba, gidan yana da ƙofa. Da ya mutu sai matar da ke shugabantar ɗakin bincike mafi muhimmanci a fannin ta koma neman wanda zai kai mata takarda, ita da ɗalibanta. Wannan ce hujjar da sakataren dindindin na majalisar, Gaston Darboux, ya kafa a jaridar Le Temps a ƙarshen Disamba 1910 da yake kare takararta.

Ilimi dai ba a yi mata gardama a kansa ba, don babu wurin gardama. An haife ta a Warso a 1867, lokacin Rasha na mulkin yankin, ta zo Faris karatu a 1891. A 1902, bayan ta shafe shekaru tana dafa tan-tan na dusar dutse a wata rumfa mai yoyo, ta tace abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba na gishirin radiyam. A 1903 ta raba kyautar Nobel ta fiziks da mijinta da Henri Becquerel. A 1906 ta gaji darasin mijinta a jami'ar Sorbonne, mace ta farko da ta koyar a can. A shekarar 1910 kaɗai ta fitar da babban littafinta mai juzu'i biyu a kan wannan tururi, ita da André Debierne suka ware radiyam a matsayin ƙarfe zalla, taron masana na duniya a Burasel kuma ya ɗora mata alhakin haɗa ma'aunin radiyam da kowace ƙasa za ta riƙa gwada nata da shi. Majalisar kimiyya ta Suwidin ta riga ta karɓe ta a matsayin mamba daga waje.

Ita kanta majalisar Faransa ba baƙuwar aikinta ba ce. Sau uku ta ba ta kyautar kuɗi ta Gegner, a 1898 da 1900 da 1902. Wannan ma tsohuwar ɗabi'arta ce: ta ba Sophie Germain kyauta a 1816 kan lissafin girgizar faranti, ta ba Sofia Kovalevskaya kyautar Bordin a 1888. Miƙa wa mace kyauta ta taga bai taɓa yi wa dattawan wuya ba. Buɗe mata ƙofa ne ba su saba ba. Akwai kuma wani tabo da ba a cika faɗa ba. A 1903, da mambobin majalisar suka rubuta wa Suwidin wasiƙar ba da sunayen waɗanda suka ga sun cancanci Nobel, Becquerel da Piyer suka ambata, suka tsallake Mari. Wani masanin lissafi ɗan Suwidin, Mittag-Leffler, shi ya tsegunta wa Piyer, Piyer ya rubuta cewa in dai don wannan aiki ne to tare suka yi shi, sannan aka gyara.

To, yaya ake shiga a lokacin? Mambobi ne ke zaɓen sabon mamba, a asirce, kamar yadda masu zaɓen sarki ke keɓewa su fito da suna. Sashen da ya yi rashi zai jera 'yan takara bisa cancanta, sannan dukan majalisa ta jefa ƙuri'a, masanin tsirrai da na taswira da na dabbobi duk suna da baki a kan wanda zai zauna a kujerar fiziks. Kafin ranar kuma akwai al'adar kamun ƙafa. Ɗan takara zai sa tufafinsa na kirki ya bi gidajen mambobi ɗaya bayan ɗaya, ya hau bene, ya jira a zaure, in an ba shi izini ya shiga ya zayyana abin da ya yi wa ilimi. Piyer Kuri ya tsani wannan al'ada. Da abokai suka matsa masa ya tsaya a 1902, an ce yakan shiga gidan mamba ya ɓuge da yabon abokin hamayyarsa, Émile Amagat. Amagat ɗin ne ya ci. A riƙe sunan nan, don zai dawo.

Mari ta fi mijinta taurin zuciya. A Nuwamba 1910 jaridar Le Figaro ta fasa ƙwai cewa za ta tsaya, ita ma ta tabbatar, ta shiga zagayen gidaje cikin sanyin hunturu. Manya sun tsaya mata: Henri Poincaré, wanda ba a da kamarsa a lissafi a Faransa ta lokacin, da Darboux, da Lippmann, da Émile Picard, da Émile Roux na cibiyar Pasteur.

Abokin karawarta shi ne Édouard Branly, kuma a nan ya kamata a yi adalci, don masu ba da wannan labari sukan mai da shi ɗan amshin shata da aka ɗauko don a tare hanya. Ba haka yake ba. A 1890 Branly ya gano cewa in aka zuba garin ƙarfe a ɗan bututun gilashi, lantarki ba ya ratsa shi, amma da zarar an yi tartsatsin lantarki a nesa kaɗan, ko da bango a tsakani, sai garin ya buɗe wa lantarki hanya. Wannan ɗan bututu shi ya zama kunnen na'urorin farko na aika saƙo ba tare da waya ba. Da Marconi ya tsallakar da saƙo daga Ingila zuwa Faransa a 1899, ya aika wa Branly gaisuwa yana cewa da aikinsa a cikin nasarar. Amma da aka zo ba da Nobel a kan wannan fasaha a 1909, Marconi da Bajamushe Ferdinand Braun aka ba, aka bar Branly. Faransawa da yawa sun ji zafin abin. Ga shi yana da shekara 66, ya nemi kujerar majalisa a baya bai samu ba, ya shafe rayuwarsa yana koyarwa a jami'ar Katolika ta Faris a ɗakin gwaji na talauci, har sai da ya karanci likitanci yana duba marasa lafiya don ya riƙe gida. Mari kuwa shekararta 43. Mamban da ya ce a ba tsoho yanzu, ita ta jira kujera ta gaba, ba lallai mugu ba ne. Irin wannan lissafin na layi da shekaru, majalisu sun saba da shi.

Abin da ya ɓata lamarin daga waje ya shigo. Faransa ta 1910 ƙasa ce da ta rabu biyu. Shari'ar Alfred Dreyfus, hafsan soja Bayahude da aka ɗaure bisa ƙagen cin amanar ƙasa a 1894, ba a wanke shi ba sai 1906, ta bar gaba a cikin iyalai da jami'o'i. A 1905 an yi dokar raba coci da gwamnati. A gefe guda akwai masu kishin jamhuriya da ilimin da ba ruwansa da coci, cibiyarsu Sorbonne. A ɗaya gefen akwai masu kishin Katolika da soja da tsohuwar Faransa. Sai ga takara ta faɗo wadda kamar an yanka ta daidai wannan tsaga: Bafaranshe ɗan Katolika mai ibada, da mace haifaffiyar waje, marar bin coci, wadda abokanta galibi magoya bayan Dreyfus ne. Jaridun 'yan mazan jiya irin su L'Action française da L'Intransigeant suka yi mata ca. Aka ce aikin duk na mijinta ne, ita 'yar taya wanke kwalabe ce. Aka ce baƙuwa ce. Aka baza jita-jitar cewa Bayahudiya ce, alhali daga gidan Katolika na Polan ta fito, kuma a yanayin lokacin an san abin da ake nufi da jefa wannan kalma. Jaridar Excelsior ta buga hotunanta da rubutun hannunta a shafin farko, ta sa wai masana su karanto halinta daga siffar fuskarta, kamar yadda ake yi wa wanda ake tuhuma.

Su kuma sauran majalisu huɗu hankalinsu ya tashi, don in mace ta shiga ta kimiyya ta zama 'yar Institut, gobe kuma wata za ta ƙwanƙwasa tasu ƙofar. Ranar 4 ga Janairu, 1911 aka yi taron majalisun biyar, wanda ya cika fiye da yadda aka saba. Aka jefa ƙuri'a a kan ko a ci gaba da riƙon al'adar da suka kira marar sauyawa, wato ta hana mata. Mutum 85 suka ce a riƙe, 60 suka ce a'a. Shawara ce, ba doka ba, don kowace majalisa tana da ikon zaɓen nata. Ta kimiyya ta yi kunnen ƙashi, 'yan kwanaki bayan haka aka jera 'yan takara aka sa Mari Kuri a sahun farko, Branly a na biyu. Cikin masu jagorantar adawa da ita a ciki akwai Amagat, mutumin da ya kayar da mijinta shekaru tara da suka wuce, yana cewa mata ba su da wuri a Institut.

Ranar Litinin 23 ga Janairu zauren ya cika da 'yan jarida da masu ɗaukar hoto da 'yan kallo. Shugaban zaman, Armand Gautier, ya umarci masu tsaron ƙofa su bar kowa ya shiga ban da mata. Mambobi 58 suka jefa ƙuri'a. A zagayen farko Branly ya sami 29, Mari Kuri 28, Marcel Brillouin 1. Babu wanda ya kai rinjaye, aka sake. Branly 30, Mari Kuri 28. Tana ɗakin bincikenta a titin Cuvier aka buga mata waya aka gaya mata. Ba ta ce wa jarida komai ba. Ba ta sake neman kujerar ba har ta mutu, kuma ta yi kusan shekara goma ba ta ba Comptes rendus aikinta ba.

An saba cewa ƙuri'a biyu ce ta raba, kamar tsautsayi ne, da wani dattijo ɗaya ko biyu sun tashi da wani ra'ayi da safe da tarihi ya canja. A ganina wannan karatun yana yi wa majalisar sassauci fiye da kima. Gaskiya ne mutum 28 sun zaɓe ta a gaban barazanar jaridu da shawarar 'yan'uwansu, kuma wannan abin a yaba ne. Amma in da shekarun Branly ne kaɗai dalili, da an ga alama a kujera ta gaba ko ta bayanta, a nemo ta ko a nemo wata. Abin da ya biyo baya ya nuna ƙuri'ar 4 ga Janairu ce ta gaskiya, ba ta 23 ba.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da ta ga abin da ya fi wannan. A farkon Nuwamba 1911, tana dawowa daga taron masana kimiyya na Solvay na farko a Burasel, inda ita kaɗai ce mace a tsakanin su Planck da Rutherford da saurayi Einstein, jaridu suka fito da zancen alaƙarta da Paul Langevin, masanin fiziks, tsohon ɗalibin Piyer, mai aure da ya rabu da gidansa. A makon ne kuma Suwidin ta sanar da ba ta Nobel ta biyu, a kemistiri, ita kaɗai. Wata jarida ta buga wasiƙun da aka sace, 'yan zanga-zanga suka taru a ƙofar gidanta a Sceaux, sai da ta kwashi 'ya'yanta mata biyu ta fake a gidan masanin lissafi Émile Borel. Svante Arrhenius na majalisar Suwidin ya rubuto yana ba ta shawarar kada ta zo karɓar kyautar. Ta amsa cewa an ba ta ne don radiyam da poloniyam, kuma ba ta ga abin da ya haɗa darajar aikin da rayuwarta ta gida ba. Ta je Stockholm a Disamba ta karɓa, ta dawo ta kwanta asibiti da ciwon ƙoda. A 1912 ta tafi Ingila ta huta a wurin ƙawarta Hertha Ayrton, wadda ta san irin wannan ƙofa: a 1902 an gabatar da sunanta ga Royal Society ta Landan, lauyoyi suka ce matar aure ba ta da matsayin da doka za ta bari a zaɓe ta, sannan a 1906 ƙungiyar ta ba ta lambar yabo ta Hughes. Taga dai, ba ƙofa ba.

Wata majalisar ce ta karɓi Mari Kuri a Faransa. Bayan yaƙin duniya na farko, inda ta haɗa motoci kusan 20 masu na'urar hoton ƙashi tana kai su bakin daga, kuma radiyam ya zama makamin yaƙi da ciwon daji, Majalisar Likitoci ta zaɓe ta a Fabrairun 1922 ba tare da ta taka gidan kowa ba. Ita ce mace ta farko a can. Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1934, da ciwon jini da ake dangantawa da tururin da ta yi rayuwarta a cikinsa. Branly ya rayu har 1940.

Wasu ƙasashen suka yi gaba. Majalisar kimiyya ta Amurka ta zaɓi Florence Sabin a 1925. Royal Society ta zaɓi Kathleen Lonsdale da Marjory Stephenson a 1945. A Faris kuwa sai aka maimaita labarin a kan 'yar gidan. Irène, babbar 'yar Mari, ta raba Nobel ta kemistiri ta 1935 da mijinta Frédéric Joliot, kan gano yadda ake sa sinadarin da ba ya fitar da tururi ya fara fitarwa. A 1936 ta shiga gwamnatin Léon Blum a matsayin ƙaramar minista mai kula da binciken kimiyya, a lokacin da matan Faransa ba su da ikon jefa ƙuri'a ko a zaɓen kansila. Mijin ya shiga majalisar kimiyya a 1943. Ita kuwa, sabanin uwarta, ba ta yi zuciya ba. A farkon shekarun 1950 ta riƙa tsayawa ana kayar da ita tana sake tsayawa, da gangan, don kada a ce mata ne ba su nema ba. Wannan karon babu tsoho Branly da za a fake da shi. Ta mutu a 1956 ba ta shiga ba.

Mace ta farko da majalisar ta yarda ta rubuta sunanta ita ce Marguerite Perey, a 1962. Tun tana 'yar shekara 19 ta shiga Cibiyar Radiyam a matsayin mai taimaka wa Mari Kuri da haɗa sinadarai, kuma a 1939 ta gano sabon sinadari ta sa masa suna faransiyam don girmama ƙasarta. Ko ita ba cikakkiyar kujera aka ba ta ba, matsayin wakiliya ne, mataki na ƙasa da mamba, kuma a kansa ta mutu a 1975 da ciwon daji. Cikakkiyar mamba ta farko sai a 1979, shekara 68 bayan zaɓen Branly: Yvonne Choquet-Bruhat, masaniyar lissafi wadda a 1952 ta tabbatar cewa lissafin Einstein na nauyi da sararin samaniya yana da amsa tabbatacciya in an san yanayin farawa. Majalisar harshen Faransanci ta bi sahu a 1980 da marubuciya Marguerite Yourcenar.